Shekara 25 da barin sakandare: ya ake tattaro 'yan aji ɗaya ba tare da taron ya koma na auna arziki ba?

Monitan Aji:

Assalamu alaikum 'yan uwa da iyayenmu. Baɗi war haka 'yan ajinmu za su cika shekara 25 da barin sakandare. An ɗora wa mu huɗu nauyin shirya haɗuwa, da haɗa ɗan kundi mai ɗauke da hotunan da, sunan kowa, da bayanin inda rayuwa ta kai shi. Mun haura 160 a shekarar da muka fita, amma waɗanda ake da lambarsu yanzu ba su kai 50 ba.

Abu uku nake neman shawara a kai. Ta ina ake bi a zaƙulo sauran? Ya ake yi da labaran makaranta, tunda abu ɗaya sai ka ji mutum uku sun kawo shi ta fuska uku, kowa yana rantsuwa? Na ƙarshen ya fi damuna: tun yanzu wasu sun fara zamewa, ana jin ƙishin-ƙishin cewa taron na waɗanda suka samu ne. Masu sanin kan abin a taimaka mana da bayani dalla-dalla.

Tsohon Magatakarda:

Wa alaikumus salam, Malam Monita. Kada ku fara da WhatsApp, ku fara da takarda. Ku rubuta wa shugaban makarantar wasiƙa, ku nemi abu biyu: rajistar shiga ta shekarar da aka ɗauke ku, da jerin sunayen waɗanda suka zauna jarrabawar fita. Sunaye kawai za ku nema. Da zarar kun ambaci sakamako, makaranta mai tsari za ta rufe ƙofa, kuma da gaskiyarta.

Jerin biyun ba za su zo daidai ba. Na farkon yana ɗauke da waɗanda aka mayar wata makaranta, da waɗanda suka maimaita aji, da waɗanda karatu ya yanke musu a tsakiya. Na biyun kuma akwai waɗanda suka tarar da ku a hanya. Ku yanke hukunci tun yanzu wane ne ɗan aji, ku rubuta shi. Shawarata, duk wanda ya zauna da ku ko da shekara ɗaya ce ku sa shi. In ba ku daddale wannan ba, rigimar farko a kansa za ta tashi.

Daga nan ku buɗe jadawali guda ɗaya a Excel ko Google Sheets, mutum biyu kaɗai ke da ikon gyara shi. Ga abin da kowane layi zai ƙunsa: suna kamar yadda yake a rajista, laƙabin makaranta, sunan da mutum yake amsawa yanzu, reshen ajinsa, ɗakin kwanansa in makarantar kwana ce, mutum biyu da ya fi shaƙuwa da su, lambar waya, da wanda ya kawo lambar. Gurbin ƙarshe shi ne halin da ake ciki: an samu, ana nema, ba ya so, ko ya rasu. Gurbin laƙabi kada ku raina shi. Akwai wanda in ka faɗi cikakken sunansa babu mai gane shi, amma da ka ambaci laƙabin sai hannu goma su tashi.

Neman kuwa, kada ku ce "duk wanda ke da lambar wani ya turo". Aikin kowa aikin babu ne. A wani nazari da Lara Aknin da Gillian Sandstrom suka fitar a 2024, an bai wa mutane lokaci su tura wa tsohon aboki saƙo, suna da lambarsa, suna kuma son yin hakan, amma waɗanda suka tura ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Nauyin baki ne kawai. Don haka ku raba sunayen: kowane ɗaya daga cikin mutum 50 ɗinku a miƙa masa suna uku takamaimai, waɗanda jadawalin ya nuna ya shaƙu da su, a ba shi mako biyu. Duk wanda aka samo, shi ma a miƙa masa uku. In hanya ta toshe, a bi ta ƙanne da yayyen da suka yi makarantar, sannan ta malamai. Ku ba wannan aiki wata shida, shirin taron kansa wata uku.

Saƙon farko ya zama gajere: sunanka, laƙabinka, ajinku, dalilin nema, da tambayar ko ya yarda a sa shi a guruf. Kada maganar kuɗi ta shiga ciki ko kaɗan, don saƙo daga baƙuwar lamba mai haɗa tsohon zumunci da kuɗi kamar na 'yan damfara yake. Wanda aka nema sau biyu ya yi shiru, a ƙyale shi.

'Yan damfarar ma na gaske suna shiga irin wannan guruf da sunan ɗan ajin da ba a samu ba. Kada adimin ya sa kowa sai mutum biyu sun ji muryarsa sun shaida shi. A gargaɗi kowa kada ya bai wa wani lambobi shida na tabbatar da asusu da WhatsApp ke turowa, ko da an ce na shiga taro ne.

Sai batun rasuwa. Ba a rubuta "marigayi" a gaban sunan mutum da ji-ta-ji-ta. Sai an ji daga majiya biyu, ɗaya daga cikin iyalinsa. Sunaye suna kama da juna sosai a aji mai mutum 160.

Malama Mai Alli:

Ɗan uwa Monita, bari in ɗauki tambayarka ta biyu. Mutum ukun nan da suke rantsuwa, mai yiwuwa babu maƙaryaci a cikinsu. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abu ta maido shi yadda yake. Duk lokacin da aka tuno, sake harhaɗa shi take yi, tana cike giɓi da abin da mutum ya zama yanzu.

An gwada wannan a kan 'yan sakandare kai tsaye. Harry Bahrick da abokan aikinsa a Amurka sun tambayi ɗaliban jami'a 99 makin da suka ci a sakandare, sannan suka gwada amsoshin da takardun makaranta. Sakamakon ya fito a 1996. Inda ɗalibi ya ci A, an tuna daidai kashi 89 cikin 100. Inda ya ci D, kashi 29 kacal. Kuma kuskuren galibi sama yake hawa, ba ƙasa ba. Waɗannan fa ba su daɗe da barin makarantar ba, balle ku masu shekara 25. Akwai kuma aikin likitan ƙwaƙwalwa Daniel Offer, wanda ya yi hira da yara maza 'yan shekara 14 a 1962, ya sake samun 67 daga cikinsu suna da shekara 48, ya tambaye su abin da suke ji a wancan lokacin game da gida, horo da abokai. A yawancin tambayoyin, amsarsu ba ta fi ta mai cinta ba.

Amma akwai ɓangaren da ƙwaƙwalwa take riƙewa da kyau, kuma shi za ku ci moriya. Bahrick ɗin dai, a 1975, ya gwada mutum 392 da hotunan 'yan ajinsu. In aka nuna hoto ko suna aka ce a gane, ana dacewa kusan kashi 90 cikin 100 ko bayan shekara 15, kuma masu kusan shekara 48 da fita ma suna gane mafi yawa. In kuwa aka ce mutum ya lissafo sunaye da ka, nan ne ake zubewa. Ma'ana, kada ku ce wa mutane "su wane ne a ajinku?" Ku nuna musu hoto, ku nuna musu jerin Malam Magatakarda, ku ce su haɗa.

Labarai kuma ku karɓe su ɗaya-ɗaya kafin a tattauna a guruf. In aka fara a taro, mai ƙarfin murya shi yake shimfiɗa labarin, sauran su ɗauka, bayan mako guda kowa ya rantse da idonsa ya gani. Ku tura tambayoyi biyar ko shida, kowa ya amsa da saƙon murya na minti uku zuwa ga mutum ɗaya. Tambaya mai faɗi irin "ya makaranta take?" ba ta fito da komai sai "ai lokacin ya yi daɗi". Ku matse ta: wa ke zaune a damanka a ajin ƙarshe? Wane darasi kake fatan malaminsa ya makara? Me ka yi a makon farko bayan jarrabawar fita?

Wajen rubutawa, ku raba kundin gida biyu. Shekaru, sunayen shugabanni da malamai, gasar da aka ci, waɗannan sai da takarda: rajista, mujallar makaranta, katin sakamako, shaidar yabo. Sauran kuwa a rubuta su da sunan mai bayarwa, "in ji wane". In riwaya biyu suka saɓa, a buga duka biyun kusa da juna. Ya fi daɗin karatu ma.

Abu ɗaya da ba a cika kula da shi ba: wanda ya yi cin zali yakan tuna shi a matsayin wasa, wanda aka yi wa kuwa yana tuna ranar da wurin. Duk labarin da ya ambaci sunan wani a abin kunya ko duka, kada ya shiga kundi sai an nuna wa mai sunan ya amince.

Mai Hoto:

Gaskiya ne Anti Malama. Ni a kan hotunan zan ƙara.

Hoton aji mai kai 40 a 'yar takarda ɗaya, a yi masa sikanin a kan dpi 600 (dpi shi ne ma'aunin kaifin hoto a sikana), in ba haka ba fuskokin za su dushe in an faɗaɗa. Takardu da wasiƙu 300 ya isa. In babu sikana, a shimfiɗa hoton kusa da taga da rana, a kashe filashin waya, a riƙe ta saitin hoton daidai ba a karkace ba. Wajen turowa a zaɓi "Document", don in aka turo shi a matsayin hoto WhatsApp yana matse shi, ƙananan fuskoki su tafi.

Kada a yi wa na asali laminatin. Zafi da gam suna kama fuskar hoton, kuma ba ya ɓaruwa. Wanda ya manne a gilashi ko a albam kada a fizge shi, a ɗauke shi yadda yake. Bayan hoto da fensir mai laushi ake rubutu, biro yana huda shi, tawada kuma tana ratsawa.

A kan kwafin, ku ɗora lamba a kan kowane kai, daga hagu zuwa dama, layi-layi, sannan ku tura a ce wane ne lamba 17. Suna ba ya tabbata sai mutum biyu sun faɗe shi kowa daban. A ajiye komai wuri uku: kwamfuta, filasha, da Google Drive. Duk hoton da aka ara a rubuta mai shi, a mayar masa cikin mako guda, don in ɗaya ya ɓace babu wanda zai sake ba ku aro.

Ma'ajin Ƙungiya:

Malam Monita, tambayarka ta uku rabinta maganar kuɗi ce, ko da ba a faɗa ba. Wanda ya zame yakan ce aiki ya yi masa yawa. Sau da yawa lissafi ya yi: kuɗin shiga, kuɗin mota, kayan da zai sa, ya ga ba zai iya ba, kuma ba zai buɗe baki ya faɗa wa wanda suka zauna benci ɗaya ba.

Ga yadda ake toshe wannan. Ku yanka kuɗin shiga daidai ƙarfin mai ƙaramin ƙarfi a cikinku, kowa ya biya iri ɗaya. Giɓin da ya rage a cike shi da gudummawar son rai, wadda ma'aji da mai binciken kuɗi kaɗai suka san mai bayarwa. Jimla ake sanarwa, ba sunaye ba. Ranar da kuka fara liƙa jerin "wane ya ba da kaza" a guruf, ranar kuka raba ajin biyu. A ware kuma wani kaso, misali ɗaya cikin goma na abin da aka tara, don kuɗin motar waɗanda ba su da hali, ta hannun mutum ɗaya mai riƙe sirri.

Kada mutum ɗaya ya ɗauki nauyin taron duka, komai kyawun niyyarsa. Wanda ya biya wuri shi zai zaɓi wuri, shi zai zauna a gaba, sauran sun zama baƙinsa. Ku yi a harabar makarantar in za a ba ku. Can ne kaɗai kowa ke da haƙƙi daidai da na kowa. Babu babban teburi. A zauna aji-aji yadda ake a da, katin ƙirji ya ɗauki suna da laƙabin makaranta kawai.

Asusu kuwa a buɗe shi da sunan ƙungiya, mutum uku masu sa hannu, kowane biyu su iya fitar da kuɗi. Kada a tara a asusun wani, ko da shi ne mafi amana a cikinku: in ya yi rashin lafiya ko ya rasu kuɗin sun shiga cikin nasa, in kuma lissafi ya ɗan goce babu abin da zai wanke shi. Ma'aji daban, mai bincike daban. Kowane wata a turo hoton bayanin banki, duk abin da aka kashe da rasit. Wurin taro a kama shi da adadin waɗanda suka biya, ba waɗanda suka ce "in sha Allah" ba, a ƙara kujeru kaɗan a kai.

Abin da ya fi kashe irin waɗannan ƙungiyoyi bayan taro shi ne neman taimako babu ƙa'ida. Yau an tara wa wane da yawa don yana da jama'a, gobe an tara wa wane kaɗan, gaba ta ƙullu. Ku rubuta tun farko abubuwan da asusu yake taimakawa a kai, da adadi guda ga kowa. Bashi kuwa kada ƙungiya ta bayar. Siyasa da talla a buɗe musu guruf na daban.

Monitan Aji:

Allah ya saka da alheri, mun kwashi darasi. Saura shafin "ina ya kai". Wasu sun kawo shawarar a rubuta muƙamin kowa da digirorinsa, har da ba da lambar yabo ga mutum goma da suka fi ɗaukaka. Me kuke gani, musamman Baba Firinsifal?

Firinsifal Mai Ritaya:

Ɗana, lambar yabon nan ku bar ta. In kuka karrama goma, kun sanar da 150 matsayinsu a bainar jama'a. In hannunku na ƙaiƙayin karramawa, ga malamanku da suka rage.

Kafin ku tsara shafin, ku san cewa abin da za ku gani a taron ba hoton ajin ba ne. Wanda abubuwa suka yi wa kyau shi ya fi sauƙin samu, shi ya fi saurin amsawa, shi ya fi son zuwa. Mutum 50 da kuke da su yanzu an riga an tace su. In kuka gina kundin a kansu, zai nuna kamar kowa ya haye, wanda ya karanta daga gefe ya ɗauka shi kaɗai aka bari a baya.

Kuma tambayar da kowa zai zo da ita a zuci, wai na ɗayan aji ina ya kai, an bi diddiginta. Karen Arnold ta bi ɗalibai 81 da suka fita da sakamako mafi kyau a makarantun jihar Illinois ta Amurka a 1981, tsawon shekara 14. Kusan dukansu sun gama jami'a, da yawa sun ƙara digiri, sun samu aiki mai kyau da zama lafiyayye. Sai dai ba su ne suka zama masu girgiza fagensu ba. Makaranta tana saka wa mai bin tsari da yin komai daidai gwargwado. Fice a waje kuwa yakan zo daga kafewa a kan abu ɗaya. Wannan ba raina ƙoƙari ba ne. Nazarin da Marion Spengler da abokanta suka fitar a 2018, a kan ɗaliban da aka fara bibiya a Amurka tun 1960, ya nuna cewa ɗalibi mai kula da aikinsa, mai sha'awar karatu, mai iya karatu da rubutu, ya fi samun ilimi da aiki mai daraja har bayan shekara 50, ko da an cire tasirin arzikin iyaye da kaifin basira. Su kuma taurarin aji, masu rigar girma tun ba a kai ba, Joseph Allen na Jami'ar Virginia ya bi yara 184 daga shekara 13 zuwa 23, ya ga farin jininsu yana dusashewa, kuma a 23 sun fi sauran faɗawa matsalar shaye-shaye. Amma duk waɗannan matsakaicin lissafi ne na taron jama'a. Ba sa gaya maka komai a kan mutum ɗaya da rasuwar uba, ciwo, ko ɗawainiyar ƙanne ta juya masa hanya yana ɗan shekara 19. Irin wannan ba ya fitowa a jerin muƙamai.

To ga yadda za ku yi shafin. Kowa gurbi ɗaya, girma ɗaya: hoton da, hoton yanzu, da kalma 80, a jere bisa harafin farko na suna. Mutum shi zai rubuta nasa, kada kwamiti ya rubuta wa kowa. Tambayoyin su zama waɗanda manomi, likita da uwar gida za su amsa da tsayi ɗaya: me kake yi da yininka yanzu, me ka koya bayan makaranta da ba a koyar a aji ba, wane ne a ajin ya taɓa yi maka alherin da ba ka gode masa ba. Aure da yawan 'ya'ya kada su zama gurbin dole a fom. Akwai wanda wannan ne ciwonsa. Wanda ya ce sunansa da hoton da kawai za a sa, a yi masa haka. Wanda ba a samu ba, sunansa ya fito a gurbinsa. Marigayi kuma a nemi iyalinsa su rubuta nasa.

Malama Mai Alli:

Baba, a yi mini afuwa, a wuri ɗaya na ɗan saɓa. Ɓoye sana'a gaba ɗaya hasara ce. Tun 1973 Mark Granovetter ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa ta hannun wanda ba ka cika haɗuwa da shi ba, don na kusa da kai abin da ka sani shi suka sani. Tsohon ɗan aji kuwa ya haɗa biyu, ga nisa ga yarda. A bar muƙamai daga kundi kamar yadda kuka ce, amma a yi wani jeri daban na son rai mai gurbi biyu: abin da zan iya taimakawa da shi, da abin da nake nema. Mai gyaran mota da lauya duk su shiga layi ɗaya.

Firinsifal Mai Ritaya:

Na karɓa, 'yata. Sharaɗi ɗaya: jerin ya tsaya a hannun sakatare, mai buƙata ya tambaye shi, shi kuma ya nemi izinin ɗayan kafin ya ba da lamba. In aka watsa shi a guruf, mutum biyar ɗin da ake ganin suna da hanya za su sha kira har su sauya layi, taro na gaba kuma ba za ku gan su ba.